Mutuwata a Takardar Bature

Samarin yanzu idan sun same ni zaune a ƙofar gida sai su ce, "Baba tsohon soja, a ba mu labarin yaƙin Jamus." So suke in ce na harbe mutum goma da harsashi ɗaya. To bari in faɗa tun da wuri, ban taɓa harba bindiga ba, ko da ta korar biri a gona. Ƙafar igwa na ɗauka a ka, shekara biyu da 'yan watanni. Igwar gunduwa-gunduwa ake kwance ta a raba wa ƙarti, wani baki, wani gindi, ni aka ba ni ƙafa. Bajamushe kuwa sau ɗaya na gan shi ido da ido, shi ma kamamme ne, yana zaune kan akwati yana ƙwaƙule tsutsa daga yatsan ƙafarsa da allura. Iyakar jarumtata ke nan. Amma a yaƙin nan na mutu, kuma labarin mutuwar ne ba sa tsayawa su ji.

Ranar kasuwa aka tara mu. Bature ya tsaya a gindin tsamiya da hularsa ta kwano, tafinta na gefensa yana juya mana magana. Wai Sarkin Ingila ne suka ɓata da Sarkin Jamus. Wani dattijo mai sayar da igiya ya tambaya, shin ba su da manya ne a can da za su shiga tsakani? Tafinta ya ce ai 'yan'uwa ne ma, kakarsu ɗaya. Dattijon ya gyaɗa kai ya ce, "Au, ashe rigimar gado ce." Aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Sai tafinta ya ɗaure fuska ya ce in ba a je an tare Jamus a can ba, za su zo har Keffi su ƙwace mana ƙasa. Muka dubi juna. Ƙasar dai an riga an ƙwace ta, mai ƙwacen ne ma tsaye a gabanmu yana share zufa. Garinmu ya taɓa kashe Bature muna yara, mun kuma ga abin da ya biyo baya. Tun daga nan duk abin da ya fito daga bakin Bature ko daga takardarsa, "to" muke ce masa.

Aka ce kowace unguwa ta ba da mutane. Mai unguwarmu ta Tudun Ƙofa ya duba gabas ya duba yamma, bai ga ɗansa ba, bai ga 'ya'yan 'yan'uwansa ba, sai Allah ya buɗe masa ido a kaina, ni da nake dako a kasuwa kuma ubana ya riga ya rasu. Watana bakwai da aure a lokacin. Matata 'yar unguwar Liman Abaji ce, doguwa, mai wushirya, ga baki ba a cewa komai. Ba ta yi kuka ba da zan tafi. Yaji ta ƙulla mini a tsumma ta ce, "Ka ga kai ba faɗa ka iya ba, ko ni nan kayar da kai nake yi. In an fara, ka nemi bayan mai ƙiba ka tsaya." Ina sonta, ba zan ɓoye ba, har yau da haƙorana suka zube.

Mun taka har inda jirgin ƙasa yake, ya kai mu Ikko, daga nan jirgin ruwa ya yi makonni da mu a kan teku, muna amai muna salati. Kafin mu shiga jirgin aka rataya wa kowa wani ɗan ƙarfe a wuya, kamar kwabo mai huji, da rubutun boko a jiki. Saje ya ce ko wanka za ka yi kada ka cire, wanda duk ya yar da nasa zai sha bulala. Bai faɗa mana amfaninsa ba, ina jin shi ma ba a faɗa masa ba. To mu me muka sani? Abu mai rubutu, ana rataya shi a wuya, an hana cirewa, an kuma ba ka shi ranar da za ka tunkari harsashi. Haba, ko makaho ya shafa ya san laya ce. Muka ce lallai Bature mugun wayo gare shi, yana raina malamanmu ashe nasa malaman ya ɓoye a gida. Wani baduku a cikinmu har ya riƙa yi wa ƙarfen baki da jar fata, kowa ya haɗa nasa da layun da ya taho da su.

Wanda ke ɗaukar ɗaya ƙafar igwar kuwa wani mutumin garin Panda ne, gajere, kakkaura, Hausarsa a karkace, namiji ya mai da shi mace, mace ya mai da ita namiji. Ina yi masa dariya, shi kuma yana kirana ɗan birni. Tun da ƙafafun igwa ba sa rabuwa, mu ma ba mu rabu ba. Shi kaɗai ne wurin uwarsa, kullum zancenta yake, yadda take shan lofe, yadda ta taɓa korar kura da muciya.

Damina ta tsare mu a bakin wani kogi, abinci ya yanke. Mun ci dorina, mun ci saiwar da ba mu san sunanta ba, mun tafasa fatar da ake ɗaure kaya da ita. Gudawa ta kashe mana mutane fiye da Jamus nesa ba kusa ba, amma ban taɓa jin an ce Sarkin Ingila ya ɓata da gudawa ba. Ni kam ba ciwon da bai gaishe ni ba: zazzaɓi, gyambo, ƙaiƙayi har tsakanin yatsu. Mutumin Panda ko atishawa bai yi ba. Ran nan aka buɗe mana wuta daga cikin ciyawa, na gabansa ya faɗi, na bayansa ya faɗi, shi yana tsaye da ƙafar igwa a ka yana waige-waige. Daga ranar magana ta bazu cewa layarsa ba irin tamu ba ce, wai kuskure aka yi aka ba shi ta hafsoshi.

Ni na roƙe shi mu yi musaya. Na faɗa da bakina, domin akwai shekarun da nake ba da labarin nan in ce shi ya nema. Ƙarya nake yi. Tsoro ne ya cika mini ciki, ina so in koma in ga wushiryar nan. Na same shi yana gasa wani ƙwaro na ce, "Don Allah ɗan'uwa, ara mini taka na 'yan kwanaki, ka ga yadda na koma." Ya yi dariya, ya ciro ta daga wuyansa ba ko gardama. Ya ce, "Karɓi, ɗan birni. Ni uwata tana yi mini nata a gida."

Kwana tara bayan nan aka harbe shi a wani mashigin ruwa. Ba na wurin. Gudawa ta riga ta kayar da ni, an kwashe ni zuwa tantin asibiti ban san inda kaina yake ba. Masu binne gawa suka duba ƙarfen wuyansa suka rubuta abin da suka gani. Masu asibiti suka duba nawa suka rubuta abin da suka gani. Sajen da ya san fuskokinmu shi ma bai kai ƙarshen makon ba.

Da na farfaɗo sai na ji ana kirana da sunan abokina. Na ce wa akawun asibiti ba sunana ke nan ba. Ya juya ƙarfen, ya duba littafi, ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai ka fi littafi sanin sunanka?" A nan ne wani kofur ya yi mini bayani. Ashe ba laya ba ce, ba ta tare ko tsakuwa. Shaida ce kawai, irin tsagar da Fulani ke yi wa kunnen saniya, don in ka mutu a san abin da za a rubuta. Na yi kuka ranar, na kuma ji kunyar da ban taɓa ji ba. Amma na lallashi kaina, na ce bari dai in isa gida, can kowa ya san fuskata.

Da hantsi na shiga Tudun Ƙofa. Matan da ke bakin rijiya suka watsar da guga suka ruga. Yayana ya fito sanye da rigar aurena, yana ja da baya yana karanta Ƙulhuwallahu. Sai da na zage shi da zagin da muke yi tun muna yara sannan ya yarda ni ne. Ya rungume ni, ya yi hawaye, sannan ya shiga ba ni labarin mutuwata. Takarda ta zo daga bariki da hatimi, an karanta a ƙofar mai unguwa. An yi mini sadakar uku, ta bakwai, ta arba'in. "Wallahi ba mu ba ka kunya ba," in ji shi, "har waina aka toya, mutane sun yaba." Na ce madalla, ina matata? Ya sunkuyar da kai yana gyara wuyan rigata. Ta yi takaba ta gama, ta koma gidan ubanta, kuma Juma'a mai zuwa za a ɗaura mata aure da wani falke mai safarar goro. Saura kwana bakwai.

Ko ruwa ban sha ba na nufi Liman Abaji. Surukina na zaune a zaure. Dama can bai taɓa ganin ɗan dako ya dace da 'yarsa ba. Na durƙusa na ce, "Baba, ga ni, Allah ya dawo da ni." Ya ce, "Na gan ka, idona lafiya lau. Amma ni takarda aka karanta mini gaban jama'a, na kuma raba goro gida-gida. Kana so in tashi in ce Bature ya yi ƙarya? A garin nan? Je ka wurin alƙali."

Ina fitowa na ji muryar matata ta bayan zana. "Kai ne?" Na ce ni ne. Ta ce, "Wata huɗu da kwana goma ban sa lalle ba, ban yi kitso ba, na zama abin tsoro saboda kai, ashe kana can kana yawon duniya." Ta fara dariya, dariyar ta karye a tsakiya. Sannan ta ce, "Ka je ka kawo duk abin da suka ce ka kawo kafin Juma'a. Ni ba goro nake so ba."

Alƙali ya saurare ni da kyau, mutum ne mai ilimi. Na ce, "Allah gafarta Malam, ga ni da raina." Ya ce a littafinmu babu wata shakka, mijin da ya dawo kafin a kai matarsa wani ɗaki, matarsa ce. Har zuciyata ta yi sanyi. Sai ya waiga wajen bariki, ya rage murya. Ya ce matsalar ita ce akwai wani littafin a can kan tudu, kuma in littafi biyu suka yi karo, an san wanda ke da sojoji. "Wanda ya kashe ka shi zai tashe ka," in ji shi. Ya yi sauri ya ce astagfirullah, ya sallame ni.

Na haura bariki wurin Di'o, Baturen da ke mulkin yankin. Yaro ne ƙarami, hancinsa duk rana ta saɓule shi. Na cire takalmi, na ƙame, na ce, "Ranka ya daɗe." Ya sa aka ɗauko littafi, aka duba ƙarfen wuyana. Ta bakin tafinta ya ce gwamnati na alfahari da ni, na taimaka an tsare ƙasa. Ya ce littafi ya nuna ni mutumin Panda ne, ina da rai, an sallame ni lafiya, har an aika wa uwata cewa ina hanya. To me ya kawo ni nan ina neman matar mamaci?

Na kwashe labarin laya na faɗa. Tafinta ya yi dariya har sai da ya dafa ginshiƙi. Da ya juya wa Di'o, shi ma ya tuntsire, ya jawo wani ɗan littafi daga aljihu ya rubuta, ina jin don ya ba abokansa dariya. Mutum ya mutu a cikin ruwa da ƙarfe a ka, su abin ya zame musu nishaɗi. Da ya gama ya ce musayar kayan gwamnati laifi ne, amma ya yafe. Gyaran kuma mai sauƙi ne. In je in taho da uwar mutumin Panda. In ta tsaya gabansa ta ce ni ba ɗanta ba ne, zai soke layi biyu ya sake rubutawa, ya ba ni takarda in kai wa alƙali. "Kalma ɗaya ce kawai," in ji tafinta. Na fito ina murna kamar wawa. Sai da na yi nisa a hanyar Panda sannan na tsaya na tuna mece ce kalmar, da kuma wadda za ta faɗe ta.

Ban sha wahalar gane gidan ba, shi ne mai ɗaki da sabon jinka. Tun da saƙo ya zo cewa ɗanta na hanya ta sa aka yi wa ɗakinsa baibaya, ta share, ta daɓe ƙasa. Ga wani jan zakara ɗaure da turke ana ta ba shi dawa. Tsohuwar 'yar ƙarama ce, da lofe a baki, daidai yadda ya kwatanta mini ita. Ta dubi tsohuwar rigar soja da ke jikina, ta leƙa bayana. Ta ce, "Ina ɗana?"

Na zauna a ƙasa na ce, "Iya, ɗanki ya rasu." Na faɗa mata kogin, da yunwar, da mashigin ruwan. Na faɗa mata zancen ƙarfen. Na shirya tun a hanya zan ce shi ya nemi musayar, amma ta cire lofen ta dube ni ta ce, "Wa ya roƙi wani?" Na ce ni ne. Na yi sauri na ƙara da cewa ai ba laya ba ce, lamba ce kawai, Bature da kansa ya faɗa.

Ta ce, "Kafin ka karɓa, harsashi ya taɓa shi?"

Na ce a'a.

"Bayan ka karɓa fa?"

Na duƙar da kai ina kallon ƙasa. Ba ta yi kuka ba, da ta yi da na fi samun sauƙi. Ta tambaye ni wa ya binne shi, ina aka juya kansa. Ban sani ba. Ta tashi ta kwance zakaran, ta miƙo mini wuƙa ta ce, "Ku Musulmi sai kun yanka da hannunku kuke ci." Na yanka, ta dafa, ta zauna tana kallona har na cinye abin da aka yi wata da watanni ana kiwatawa don wani. Sannan na faɗa mata zancen matata, da Juma'a, da kalma ɗayar da ake so ta faɗa. Ta ce, "Na ji." Ta shiga ɗaki ta ƙulla kayanta.

Kwana biyu muka yi a hanya saboda ƙafarta. Na ce ta kawo ƙunshin in ɗauka, ai sana'ata ce, ta hana. Ba ta yi mini magana ba sai in za ta ce mu huta. Ran Alhamis da azahar muka isa ofis. Yayana ya zo, surukina ma ya aiko mutum ya ji yadda za a ƙare.

Di'o ya buɗe littafi, ya tsoma alƙalami a tawada. Tafinta ya nuna ni ya ce, "Tsohuwa, dubi mutumin nan da kyau. Ɗanki ne?"

Ta ce, "In na ce ba shi ba ne, me zai rubuta?"

Tafinta ya ce, "Zai rubuta cewa ɗanki ya mutu."

"Yanzu me ke rubuce?"

"Yana da rai."

Ta dubi littafin, ta daɗe tana dubansa, ita da ba ta san ko baƙi ɗaya ba. Sannan ta juyo ta dube ni ta ce, "Ɗana ne."

Na yi tsalle na ce, "Iya! Ki ji tsoron Allah! Ranka ya daɗe, a dube mu mana, ko tsagar fuskarmu ba iri ɗaya ba ce!" Yayana ya shiga rantsuwa, masinja ya daka masa tsawa. Di'o ya ce shi da kansa ya nemi shaidar uwa, uwa kuma ta ba da shaida, wa ya fi uwa sanin ɗanta? Na ga sauƙi a fuskarsa, ba sai ya ɓata shafinsa da soke-soke ba. Ya goge bakin alƙalami, ya rufe littafi, ya ce in sake zuwa da wannan magana zai sa a ɗaure ni don neman matar mutane. Ɗan aiken surukina tuni ya kama hanya da gudu.

A waje na tsaya gabanta. Wallahi ban taɓa ƙin wani mahaluki kamar yadda na ƙi tsohuwar nan a lokacin ba, ko Jamus. Na ce, "Me na yi miki da za ki binne ni da raina?" Ta kunna lofenta a hankali, ta ja, ta fesar. Ta ce, "Ka ɗauki layarsa, ka ɗauki kwanansa. To ka ɗauki uwarsa ma." Ta ajiye ƙunshinta a gabana.

Na so in koma Liman Abaji in tsaya bayan zanan nan, amma me zan ce mata? Na zo hannu wofi? Na tsaya ina duban ƙunshin har inuwa ta juya. Daga baya na sunkuya na ɗora shi a ka.

Ran Juma'a, daidai lokacin da ake saukowa daga masallaci a shafa fatihar auren matata, muna bakin wani rafi a hanyar Panda. Na riga tsohuwar hayewa, na tsaya ina kallon ruwa. Ita tana can ɗaya gefen, duwatsun sun yi mata santsi. Ta kira ni da sunan ɗanta. Na yi kamar ban ji ba. Ta sake kira. A na uku na amsa, na koma na kama hannunta.